Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Gadin Laka a Ɗakin Tiyata

Makon jiya na tsaya ne a inda aka mayar da ni sashen tiyatar zuciya da manyan jijiyoyin jini. Aikina a can bai shafi wuƙa ba. Ina zaune gefe da kwamfuta, wayoyi sun fito daga jikin majinyaci sun shigo wurina, kuma amanar da aka ɗora mini ita ce lura da ƙwaƙwalwarsa da lakarsa muddin ana aiki a kan ayota.

Ayota ita ce babbar jijiyar da ke ɗaukar jini daga zuciya. Tana tasowa ta lanƙwasa kamar kan sandar dogarawa, daga lanƙwasar rassa uku su fita zuwa kai da hannaye, sannan ta gangara ta ƙirji har ciki. A hanya tana sakin ƙananan rassa tsakanin haƙarƙari, su ne ke shayar da laka. Mafi girmansu tana ɗauke da sunan Albert Adamkiewicz, wanda ya bayyana ta a 1882, kuma galibi daga hagu take fitowa, a ƙasan ƙirji. Idan ayota ta kumbura, likita yakan matse ta sama da ƙasa, ya buɗe wurin da ya lalace, ya ɗinka bututu. Duk tsawon matsewar nan laka tana iya rasa jini. Ɗinki ya yi kyau, zuciya na bugawa, amma mutum ya farka ƙafafunsa sun shanye. Wannan masifa ce aka zaunar da ni in hango tun kafin ta tabbata.

In aikin a lanƙwasar ne, ƙwaƙwalwa ce abin tsoro. Akan sanyaya jiki zuwa wajen digiri 18, a tsayar da zagayawar jini na ɗan lokaci, dabarar da Randall Griepp ya yi fice da ita tun 1975. Ni kuma ina kallon igiyoyin lantarkin ƙwaƙwalwa har su kwanta, tare da wasu faifai biyu da ake manna wa goshi masu auna iskar oksijin. Amma yau labarin laka zan ba ku.

Majinyacin dattijo ne, kumburinsa ya kama daga saman ƙirji har ƙasan ciki, irin wanda Stanley Crawford na Houston ya sa a rukuni na 2, rukunin da ya fi kowanne haɗarin shanyewa. Da ya yi barci na kafa siraran allurai a fatar kansa, da tsokar hannaye, da ta ƙafafu. Awo iri biyu muke yi. Na farko, a taɓa jijiyar idon sawu da lantarki, a jira saƙon ya iso ƙwaƙwalwa. Wannan yana bin bayan laka ne, hanyar ji. Na biyu, a tura lantarki ta kai, a ga ko tsokar ƙafa za ta amsa. Shi yana bin gaban laka, hanyar motsi, kuma nan ne rashin jini ya fi bugawa. Shi ya sa ban taɓa yarda da awo na farko shi kaɗai ba: yana iya nuna lafiya lau alhali motsi ya riga ya tafi.

Awon motsi yana da sharuɗɗa. Maganin sassauta tsoka yana kashe shi, iskar sa barci ma tana raunana shi, don haka tun da safe na zauna da likitar sa barci muka daidaita a kan maganin da ake ɗurawa ta jijiya. Muka sa abu mai taushi tsakanin haƙoransa, domin lantarkin kan sa muƙamuƙi ya datse harshe.

An matse ayota, aiki ya yi nisa, sai na ga amsar ƙafafu biyu tana raguwa. Na sake turawa. Ta ƙara faɗuwa. Na duba hannaye, suna nan daram. Da magani ne ko sanyi, da hannayen ma sun yi ƙasa. Da ƙafa ɗaya ce, da na zargi bututun da aka sa a cinya. Ƙafafu biyu tare, hannaye lafiya, wannan laka ce.

Na ɗaga murya: "Dokta, ƙafafu biyu suna tafiya, hannaye na nan."

Bai ɗago kai ba. "Ka tabbata ba wayoyinka ba ne?"

"Na duba, ranka ya daɗe. Laka ce."

Ba ƙaramin abu ba ne ƙaramin ma'aikaci ya katse babban likita hannunsa cikin ƙirjin mutum, amma laka ba ta jira. Nan take ɗakin ya motsa. Likitar sa barci ta ɗaga ƙarfin jini, ta buɗe siririn bututun da ke gadon baya ta rage ruwan laka, saboda matsin ruwan yana hana jini shiga. Wajen 10 ake son matsin ruwan ya tsaya a ma'auni. Likitan tiyata kuma ya koma kan rassan haƙarƙarin da ke buɗe, ya ɗinka su a jikin sabon bututun, ya sakar musu jini. Ina ta turawa, ina faɗa masa abin da na gani. Ta hagu ce ta fara dawowa, 'yar ƙarama, sannan ta dama.

Da dattijon ya farfaɗo aka ce, "Baba, ɗaga ƙafarka." Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Na yi hamdala, sai dai ba a saki jiki ba, domin shanyewar kan iya zuwa daga baya, bayan awoyi ko kwanaki, musamman in ƙarfin jini ya faɗi. An bar bututun bayan a wurinsa, ma'aikatan jinya suna tashinsa akai-akai dare da rana suna sa shi ya motsa ƙafa, har aka wuce kwanakin haɗari.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin matar da aka tsayar wa jini gaba ɗaya ina kallon ƙwaƙwalwarta a allo.