Ai ban suma ba

Ranar nan ina bakin fili ina kallon ɗan ƙanwata suna ƙwallo, suka tashi sama shi da wani yaro kawunansu suka gwaru, ya faɗi ya miƙe yana tangaɗi wai zai ci gaba. Na ce kai zo nan, ya ce Kawu ba komai fa, ai ban suma ba. Wallahi sak abin da na faɗa kenan ina kamar shekarunsa.

Ni baya nake bugawa, kuma sa kai, wato buga ƙwallo da kai, shi ne abin taƙamata. Muka yi karo da wani, na ga wuta-wuta, kunnena na ta ƙara, na sheƙa ruwa a ka na koma. To wa zan faɗa wa? Lokacin in ka fita don ciwon kai sunanka rago har ka tsufa, kuma ba wanda ya taɓa gaya mana ƙwaƙwalwa na jin rauni ko ba jini ba kumburi. Amma kar na yi wa kaina ƙarya, na san da matsala, don da daddare na yi amai, hasken fitila na sukar idona, washegari na kasa tuna yadda aka tashi wasan. Satin bai ƙare ba na koma na sake cin wani dukan, daga nan ciwon kai ya tare a wurina wata da watanni, in ina karatu layi ɗaya sai na yi ta maimaitawa ban gane ba, ga fushi ba dalili. Ƙuruciya ce, ko taurin kai, oho.

Daga baya kuma tsoro ya yi min yawa, na daina gudu, ko atishawa na yi sai gabana ya faɗi. Likita ne ya ce min haba, ƙwaƙwalwa a cikin ruwa take, da lulluɓi uku sannan ga ƙoƙon kai, gudu da tsalle da girgizar mota ba sa yi mata komai. Abin da ke mata illa shi ne kai ya tsaya cak ko ya murɗe da ƙarfi lokaci guda har ta bugi ƙashin ta ciki, ko da a jiki dukan ya sauka. Yawancin masu irin wannan raunin ma ba sa suma, kuma duka na biyu kafin na farko ya warke ya fi haɗari.

Ku yaran yanzu kun san kuɗin da aka sayi kowane ɗan wasa amma ba ku san Jeff Astle, tsohon ɗan wasan ƙungiyar West Brom ta Ingila, ba, wanda ya mutu a 2002 yana da shekara 59, binciken mutuwarsa ya ɗora laifin kan yawan sa kai. A 2019 Jami'ar Glasgow ta gano tsofaffin ƙwararrun 'yan ƙwallo sun ninka sauran mutane kusan sau uku da rabi wajen mutuwa da cutar lalacewar ƙwaƙwalwa. Amurka tun 2015 ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa kai. Duk yana cikin wayar nan da kuke dannawa dare da rana.

In kanka ya bugu ka ji jiri, fita, ranar ba kai ba fili. Ka huta kwana ɗaya ko biyu, sannan ka dawo da motsa jiki sannu a hankali, karo kuma sai likita ya yarda. In amai ya ƙi tsayawa, ko ciwon na ƙaruwa, ko barci mai nauyi, ko farfaɗiya, asibiti kai tsaye, kar a tsaya shawara. Da na so na ce ku bar sa kai gaba ɗaya, amma ɗan baya da ba ya sa kai me ya zo yi fili? Ku dai rage a wajen atisaye. Kuma kar wani malalaci ya ce Kawu ya hana motsa jiki, ban hana ba, ku tashi ku yi gudu.