Kar ka miƙa wa dattijon gundumar Prince Edward takarda

Ƙannena masu shirin tafiya sakandare Amurka ta shirin musayar ɗalibai na YES sun dame ni da tambaya, wai sanyi fa, abinci fa, sallah fa. Duk wannan ba komai ba ne wlh, kafin ka ankara ka saba. Abin da ya tsaya min a wuya har yau daban ne kuma ba wanda ya ja min kunne a kai.

Ni garin Farmville aka kai ni a jihar Bajiniya, makarantar Prince Edward County High School. Prince Edward sunan gundumar ne (County), kamar ƙaramar hukuma take a wajenmu, sai dai ita ce ke ware wa makarantunta kuɗi, ku riƙe wannan don zai dawo. Sakandaren gwamnati ɗaya ce tal a duk gundumar, aji 9 zuwa 12, ɗan manomi da ɗan malamin jami'ar Longwood duk bas ɗaya ruwan ɗorawa ke kwaso su da sassafe. Malami na zaune a ajinsa kai ne mai yawo in an kaɗa ƙararrawa. Daren Juma'a kowa na fili ana ihun Eagles, ƙungiyar makarantar a ƙwallon nan tasu da ake runguma da hannu a ruga, har na dawo ban gama gane dokokinta ba. A wajen cin abinci kuma ka tambaya kafin ka ɗauki fiza, jan naman da ke kai yawanci na alade ne. Shi ke nan fa.

To a darasin tarihi aka ce kowa ya samo wanda ya ga zamanin rufe makarantu ya yi hira da shi. A takarda na san labarin tsaf. Ranar 23 ga Afrilu 1951 Barbara Johns, yarinya 'yar shekara 16, ta fito da ɗaliban makarantar baƙar fata ta Moton yajin karatu, don ginin da aka yi wa mutum 180 ya ɗauki sama da 450, sauran ana cusa su a wasu rumfunan katako da aka lulluɓe da takardar kwalta. Ƙararsu na cikin waɗanda aka haɗa a shari'ar Brown, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1954 cewa raba makarantar farare da baƙaƙe ya saɓa wa tsarin mulki. Su kuwa shugabannin gundumar da aka matsa musu su haɗa farare da baƙaƙe a makaranta a 1959 sai kawai suka ƙi ware ko sisi, makarantun gwamnati duka suka rufe har 1964 da Kotun Ƙoli ta sake tilasta musu. 'Ya'yan farare aka buɗe musu ta kuɗi, Prince Edward Academy. 'Ya'yan baƙaƙe wasu aka tura su wajen dangi a wasu garuruwa, wasu suna ɗan karatu a coci, da yawa kuma gida da gona. Mu da muka yi ta kuka kan yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, wannan shekara biyar ce, kuma yaran firamare ma bai bar su ba.

Duk na haddace wannan, har maki na ci a kai, amma kaina bai kawo min abin da shekara biyar ke yi wa yaro ba. Wata 'yar ajinmu ta ce kakanta zai yarda, ni kuma don a ga ɗan Najeriya da tsari na buga tambayoyina a kwamfuta na fitar da su fes, muka je gidan na durƙusa na gaishe shi har yana dariya, sannan na miƙa masa takardar da hannu biyu na ce ya duba ya zaɓi wadda zai fara da ita. Ga matarsa ga 'ya'yansa a falo. Ya riƙe takardar ya daɗe, can ya ce ai ya manta inda ya ajiye tabarau. Tabarau kuwa ga shi a aljihun rigarsa ina kallo, kuma saura kaɗan, Allah Ya rufa asiri, in nuna masa. Jikar ce ta fizge takardar ta hau karantowa da ƙarfi.

A hanya take gaya min yana ɗan shekara 7 aka rufe, bai sake zama a aji ba sai yana 12, ya koma ya tarar ƙanana sun fi shi karatu, kunya ta kore shi. Mutumin da ya yi aiki ya gina gida ya aurar da 'ya'ya, ni yaro baƙo na zo na tsayar da shi a gaban iyalinsa da takarda. Na ce ke me ya hana ki faɗa min tun a bas? Wai a gidan ba a maganar. To ni ina zan sani! Har yau in na tuna sai in ji haushinta da nawa sun haɗu.

Hirar kanta ta yi kyau don ya yi ta magana, har ya tambaye ni ko a garinmu akwai yaran da ba sa zuwa boko, na ce Baba akwai kam, da yawa ma.

Don haka in an kai ka can, ko ma wani gari na kudancin Amurka mai irin wannan tarihi, fara zuwa tsohon ginin Moton, yanzu gidan tarihi ne, ka saurara kafin ka buɗe baki. Tambaya da baki ake yi wa tsoho, in ma akwai inda zai sa hannu ba wa wani ɗan gida ya karanto masa tun kafin ka iso. Kar ka ce me ya sa bai koma ya ƙarasa ba. Kuma ka tuna wasu 'yan ajinku farare kakanninsu na ɗaya ɓangaren a lokacin, kar ka ɗauko zancen a teburin abinci kamar hirar ƙwallo. Amma dai takardar nan, don Allah bar ta a jakarka.