Abin da na koya wajen kai wa kamfanonin ɗab'i labarin soyayyar New Adult

Duk marubuciyar da take rubuta soyayya da Turanci kuma tana da burin wani kamfani a Amurka ko Ingila ya buga mata, toh tun kafin a karanta shafin farko za a tambaye ta wane rukuni littafin yake, kuma wallahi nan ne da yawanmu muke tuntuɓe musamman idan jarumar labarin tana tsakanin shekara 18 zuwa 25.

Su a can sun raba abin ne. Akwai na matasa da suke kira YA, jaruman yawanci 'yan sakandare ne da ba su wuce 18 ba, akwai kuma na manya. A 2009 ne kamfanin St. Martin's Press na New York ya sa gasa yana neman labaran da suka faɗo tsakanin biyun nan, shi ya laƙaba musu suna New Adult. Amma fa ba manyan kamfanoni ne suka raya shi ba, marubuta ne masu buga nasu da kansu a Amazon wajen 2011 zuwa 2013, irin su Colleen Hoover da ta fara sakin nata da kanta a 2012 sai daga baya kamfani ya zo ya saya. Kantunan littattafai kuwa yawancinsu ba su taɓa ware masa kanta tasa ba, shi ya sa har yau wasu ejan-ejan, wato wakilan da suke sayar wa kamfanoni littafin marubuci, da zarar sun ga sunan New Adult a wasiƙar da ake tura musu don gabatar da littafi sai jikinsu ya yi sanyi, don ba su san inda mai kanti zai ajiye littafin ba.

Darasin da ya fi tsaya min a rai shi ne shekaru kaɗai ba sa sa labari ya shiga rukunin nan. Abin da editoci suke nema shi ne mutum a lokacin da ya fara riƙe kansa, barin gida karo na farko, jami'a, aikin farko da albashin da ba ya kai ƙarshen wata, soyayyar da a karon farko za ta iya kai wa ga aure ko ta rusa mutum gaba ɗaya, ga shi babu uwa a kusa da za ta ce yi kaza bar kaza. Idan jarumarki tana da shekara 22 amma damuwarta irin ta mai shekara 35 ce, na manya kika rubuta, ki kira shi haka kawai.

A nan ne namu yake da wahalar bayani kuma abin yana damuna sosai. Yarinyar Kano ko Zinder mai shekara 20 tana iya kasancewa da aure har da goyo, wata kuma tana 26 tana aiki a banki amma har yanzu a ɗakin mamarta take kwana, sai ta nemi izini kafin ta fita. Editan da ke zaune a Landan ba zai gane wannan da kansa ba, ke ce za ki nuna masa a layi biyu inda 'yancin jarumarki yake farawa, ko hostel ne, ko bautar ƙasa ce ta jefa ta wata jiha da ba ta san kowa ba, ko kuma ranar da aka kai ta gidan miji aka watse aka bar ta. Ni a ganina wannan na ƙarshen ma ya fi dacewa da rukunin fiye da labaran kwalejin da suka cika kasuwar.

Sai maganar da ba a cika son faɗa ba, da yawa daga masu karatu a can sun ɗauka New Adult yana nufin labari mai bayyana kwanciya ƙarara. Idan naki mai kunya ne irin yadda muka saba, ki faɗa tun a wasiƙar, akwai kasuwar masu son hakan, kar a saya da wani zato daban a zo ana neman ki ƙara abin da ba za ki iya sa sunanki a kai ba.

Wasiƙar kanta shafi ɗaya ce. Sunan littafi, rukuni, yawan kalmomi, na soyayya yawanci 70,000 zuwa 90,000 ne, sai littattafai biyu na 'yan shekarun nan da suka yi kama da naki. Kuma in dai kin ce soyayya ce dole masoyan su ƙare tare cikin farin ciki, in ɗaya ya mutu ko aka aurar da ita ga wani toh ki nemi wani rukunin.

Yanzu abin da nake yi kafin in tura shi ne in duba shafin kowane ejan in ga da bakinsa ya ce yana karɓar New Adult. In ya ce, in rubuta haka. In bai ce ba sai in rubuta soyayya ta manya, jaruma 'yar shekara 21 a shekararta ta ƙarshe a jami'a, labarin bai canza ba ko kaɗan. TikTok ya sake farfaɗo da sunan tun wajen 2020 don haka masu karɓa sun ƙaru. Kuma ejan na gaskiya ba ya karɓar ko sisi a hannunki kafin ya sayar, kasonsa yawanci 15 cikin 100 ne bayan an yi ciniki, duk wanda ya ce ki fara turo kuɗin karanta littafinki ki rufe saƙonsa.