Muryar Faransanci a tsakiyar jitar rok

Mawaƙiyar da na yi wa aikin sauti a wani situdiyo a Paris ta saba rera waƙa da fiyano kaɗai, bakinta dab da makirufo kamar mai raɗa. Haka waƙar Faransa ta gada tun zamanin su Édith Piaf: kalma a gaba, kiɗa na biye. Da muka sake shirya waƙoƙinta da jitar lantarki biyu, bes da gangunan rok, ba mu gama rihazal na uku ba muryarta ta fara dishewa.

Wani likitan kunne da maƙogwaro Bafaranshe, Étienne Lombard, ya bayyana dalilin tun 1911: idan hayaniya ta kewaye mutum, yakan ɗaga murya ba da saninsa ba. Jitar da aka ƙara wa kaushi tana cika yankin kilohatz 2 zuwa 4 a ma'aunin kaifin sauti, daidai inda kunne ke tsintar baƙaƙe. Da mawaƙiyar ta daina jin kanta sai ta kama matsa maƙogwaro, jijiyar wuyanta ta tashi. Faransanci kuwa ba ya jure wannan. Wasulan hanci irin su an da on sai su koma abu guda, harafin r da ake fitarwa daga can cikin maƙogwaro ya zama ƙarta. Mai sauraro ya ji ƙarfi, amma ma'ana ta tafi.

Da fari na ƙara mata ƙarar murya a lasifika, makirufo ya kama kuwwa. Abin da ya yi aiki shi ne buɗa mata fili a cikin kiɗan. Na rage dasibel 3, wato ma'aunin ƙarfin sauti, daga jitocin a wajen kilohatz 3, na tura ɗaya hagu ɗaya dama, na bar tsakiya ga murya. A baiti jita ɗaya kawai ke bugawa, mai ita ya danne tsirkiya da tafin hannu. Ta biyun sai amshi ya zo. A abin da take ji a kunne ma na sauke jitocin sosai.

Akwai wata ɓarna da na daɗe ban lura ba. Masu jita sun ɗaga waƙa ɗaya da rabin mataki zuwa sautin Mi, don ya fi musu daɗin bugu. Wannan ɗan ƙarin ya ɗora sautinta mafi tsawo daidai kan mahaɗar muryar ƙirji da muryar kai, inda murya ke karyewa. Muka sassauta tsirkiyoyin duka da rabin mataki, yatsunsu ba su canza komai ba, ita kuma ta samu sa'ida.

Inda muka fi shan wahala shi ne kari. Bafaranshe yana ɗora nauyi a gaɓar ƙarshe ta furuci, ganga kuwa tana faɗowa a bugu na 2 da na 4, tsarin da ya tashi tare da Ingilishi. Masu juya waƙoƙin Amurka zuwa Faransanci a shekarun 1960, zamanin da mawaƙin rok Johnny Hallyday ya fito, sun yi fama da wannan matsalar. Muka zauna da takardar waƙa da fensir, muna ja wa gaɓar ƙarshe layi, muna matsar da ita ta faɗa kan bugu, muna zubar da harafin e na ƙarshen kalma inda ya cunkushe layi. Saurin ma mun sauke shi daga bugu 128 a minti zuwa 118, sannan ta samu wurin shaƙar numfashi.

Makirufo kuma na canza zuwa Shure SM7B, wanda ba ya kwasar ƙarar ganguna sosai. Tazarar bakinta da shi yatsa uku a baiti, taƙi guda a amshi. Amshin muke fara ɗauka da hantsi tun muryar na da ƙarfinta, minti 20 na rerawa, minti 10 na hutu da ruwan ɗumi, baitocin raɗa kuma sai bayan azahar.