Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Shekarar da Baba ya daina gane magana

Salamu alaikum jama'a, mu ɗora daga inda muka tsaya makon jiya, wato dawowata garin Gadarif daga Madani, a ƙasar Sudan, ana tsaka da yankan riɗi.

A kakar nan ne Baba ya wayi gari yana ta zuba, magana tar ba gargada, muryarsa ce kuma lafazinsa ne amma ba kai ba gindi, Inna ta ce "Malam a kawo shayin?" ya dube ta ya ce wai a ɗaura wa takalmi gishiri. Hannu lafiya ƙafa lafiya, da kansa yake tafiya, shi ya sa unguwa kowa ya ce iska ce, wasu har da taɓin hankali. Kawu ya kawo rubutu, aka yi hayaƙi, Yaya ne ya tsaya kai da fata sai an je asibiti.

Da aka ɗauki hoton kai likita ya ce gudan jini ne ya toshe wata jijiya, irin dai abin da ke kawo shanyewar ɓarin jiki, shi sai ya faɗo masa a wurin magana. Ya ce kunnen Babanku ƙalau yake, jin sauti aiki ne daban, gane ma'anarsa aiki ne daban. Sauti ya shiga kunne ya isa ƙwaƙwalwa, toh akwai wani yanki, ga yawancin mutane a ɓangaren hagu saitin saman kunne ɗan baya kaɗan, da ke taimakawa a haɗa sautin da abin da ake nufi, ga mai lafiya abin ko rabin daƙiƙa ba ya ɗauka. Daga baya da na bi diddigi na ga wani likitan Jamus Carl Wernicke ne ya bayyana wannan larura a 1874, kafin shi kuma a 1861 Paul Broca na Faransa ya nuna wani wurin ta gaba, wanda in ya taɓu mutum yana gane maka amma fitar da maganar ce wahala, majinyacinsa ma "tan" kawai yake iya cewa. Na Baba akasin haka ne, baki a sake, fahimta ce ta tafi, kamar an ajiye ka a kasuwar da ba ka jin yarensu.

Abin da ya fi ƙona min rai masu zuwa dubiya, a zauna ana ɗaga masa murya sai ka ce kurma, "ALHAJI YA JIKI", shi kuwa yana gane faɗa yana gane lallashi daga amon murya da fuska, nan take sai ya haɗe rai ya juya baya. Kuma ikon Allah, in ya ta da sallah Fatiha tas take fita, likitan ya ce abin da aka haddace tun yarinta sau da yawa yana tsira.

Muka koma yi masa magana gajeru, mutum ɗaya a lokaci guda, rediyo a kashe, in ruwa ne ka ɗaga kofin ya gani. A hankali Hausar ta fara dawowa, Larabcin da yake ciniki da shi a kasuwar riɗi kuwa ya daɗe bai kama ba, kuma a nan dillalinsa ya samu ƙofa, don lissafin buhunan duk a kan Baba yake ba a takarda ba.

Yadda muka kwashe da dillalin nan sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.