Shahadar ISO ta kwana huɗu da ta ci mana kasuwar azumi

Wallahi har yau in na buɗe durowar ofis na ga takardar shahadar ISO ɗin nan cikin firem ɗinta mai ruwan gwal sai raina ya ɓaci. Kawu ya sha ce mini in yaga ta in huta, na ce a'a Kawu, a bar ta nan inda zan riƙa ganinta.

Mu dai ƙaramin wajen gyaran dabino gare mu a Madina, na kawuna ne, ni nake riƙe da shi tunda ciwon ƙafa ya zaunar da shi. Irin dabinon da muke yi ajwa, safawi, mabrum, wani lokaci mu sayo wanda ake kira sukari daga Buraida, a tsince a wanke a busar a zuba a kwali. Akwai kuma wanda ake cire ƙwallon a sa lauz, wato almon, a ciki, shi alhazai suka fi saye na tsaraba. Ma'aikatanmu 11, yawanci 'yan uwanmu Hausawa ne haifaffun nan. Lasisin baladiya, wato hukumar gari, rajistar hukumar abinci da magunguna SFDA, katin lafiyar ma'aikata, duk muna da su, ba nan gizo ke saƙar ba.

Ƙarshen 2022 wani kamfani da ke kai wa otal-otal na kusa da Harami kayan abinci suka ɗanɗana namu suka ce ya yi, za su karɓi na buɗa-baki gaba ɗaya azumi. Sharaɗi ɗaya kawai, mu kawo shahadar ISO 22000, wato takardar shaidar cewa tsarin aikinmu na kiyaye lafiyar abinci ya cika ma'aunin duniya. Azumin 2023 kuma a watan Maris ya faɗo, wato abin da ya rage mana bai fi wata uku ba. Na tambayi kamfanoni biyu masu bayar da ita, kowanne ya ce sai mun kafa tsari, mun tara rubuce-rubucen aiki na 'yan watanni, sannan a zo bincike zagaye biyu. Ni kuma gani nake jan rai ne kawai don su ci kuɗi. Ana cikin haka mu'akkibin da ke bi mana takardu ya ce ai akwai wani ofis, kwana huɗu shahada na hannunka, riyal 6,500.

Mutumin ya zo sau ɗaya. Ya sha gahawa, ya ci ajwa, ya ɗauki hoton injin wanki da na ƙofar tallaja, ɗakin sanyinmu, ko cikinta bai shiga ba. Washegari ya aiko da wani ƙaton fayil na ƙa'idojin aiki da sunanmu a kai, rana ta huɗu shahada ta shigo ta WhatsApp, da hatimi da lamba da komai. Tambaya ɗaya ce ban yi masa ba, kuma ita ce ta kashe mu: ku wa ya amince da ku?

Murna ta sa na ƙara wani kuskuren a kan na farko. Na je wajen masu buga kwali na sa aka buga mana 20,000, da tambarin ISO ɗin nan mai zanen duniya a gefe, ƙarƙashi an rubuta 22000 da manyan lambobi. Har na ɗauki hoto na tura wa 'yan gidanmu.

Wanda ke kula da inganci a kamfanin can ashe Bahaushen Sudan ne, mutumin Maiwurno, da ya ji ina waya da Hausa sai ya juya harshe. Ya riƙe takardar bai fi minti ɗaya ba ya ce, ɗan uwa, wa ya amince da waɗanda suka ba ku wannan? Na ce ai ga shi nan ISO ce. Ya ce ita ISO ɗin da ke Janiba ta ƙasar Suwizalan ba ta ba kowa shahada, tun da aka kafa ta a 1947 aikinta rubuta ma'auni ne, shikenan. Masu zuwa bincike su bayar da shahada kamfanoni ne daban, su ma sai an sami wata hukuma da ta tantance su ta tsaya musu, kamar Cibiyar Tantancewa ta Saudiyya SAAC, ko GAC ta ƙasashen Halij, wato yankin Gulf, ko UKAS ta Ingila. Ya nuna mini da yatsa inda alamar hukumar ya kamata ta kasance a jikin takardar, wurin fayau ba komai. Ya buɗe IAF CertSearch, shafin da ake duba shahadun da aka tantance, a kwamfutarsa ya sa sunanmu da lambar, babu mu babu dalilinmu. Sai ya tambaye ni wa ya rubuta muku fayil ɗin, na ce su ɗin ne dai. Ya girgiza kai ya ce wanda ya rubuta maka tsari ba shi da hurumin ya dawo ya ba ka shahada a kansa, ƙa'idar masu binciken ce ta hana, domin ba a zama ɗalibi kuma mai gyaran jarrabawa.

Da ya ga kwalin da na kai samfur kuwa shiru ya yi tukuna. Ya ce tambarin ISO nasu ne ba a yarda kowa ya sa ba, kuma ko shahadarku ta gaske ce, tsarin aikinku aka yaba ba dabinon ba, ba a manna alamar a jikin kaya kamar shi aka gwada. Kwali 20,000 fa, jama'a.

Kwangila ta tafi wajen wasu. Da daddare na je na sami Kawu bayan isha na faɗa masa komai, ban rage ba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Cewa kawai ya yi, ɗana, shekara nawa kana sayen dabino, ka taɓa biyan kuɗin buhu ba ka zura hannu har ƙasansa ba? Na ce ban taɓa ba Kawu. Ya ce toh. Na koma ofishin can neman kuɗina suka ce ai abin da na biya an ba ni, shahada na nema shahada na samu, ban ce mai tantancewa nake so ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, domin a takardar yarjejeniyar haka yake, ba su rubuta sunan wata hukuma ba, ni kuma ban duba ba.

Bayan salla muka fara na gaskiya. Wannan karon kafin in biya ko halala sai da na ce su turo takardar tantancewarsu, na je na duba da kaina cewa sunansu na cikin jerin hukumar, kuma an amince musu a fannin abinci, domin wani an yarda masa ya yi ISO 9001 ta ingancin aiki gaba ɗaya amma ba a yarda masa 22000 ba. Mai koya mana tsari daban, masu bincike daban. Ba zan ɓata muku lokaci da zancen hula da safar hannu da wanke hannu ba, wannan kowa ya sani.

Abin da ya girgiza ni shi ne binciken gwaji da mai koyarwar ta yi mana. Ta shiga sito ta ciro kwali ɗaya na safawi daga tsakiyar jeri ta ajiye mini a tebur ta ce, gaya mini gonar da wannan ya fito, ranar da ya shigo, wa ya wanke shi, sauran 'yan uwansa su wa aka sayar wa. Mu uku muka yi ta juya fatura har la'asar ba mu gano ba. Mukan haɗa na gona biyu ko uku a kwando ɗaya in za a wanke, kuma babu lambar rukuni a kwali sai ranar zubawa. Ta ce da a ce yau an kira ku an ce wani ya ci ya kwanta asibiti, wanne za ku janye daga kasuwa? Amsar ita ce duka, ko kuma babu. Alhali a wancan lokacin shahadar ISO 22000 na rataye a bango bisa kaina.

Sai tallaja. Agogon zafin da ke jikin ƙofa kullum digiri 4 yake nunawa, takardar da yaro ke cikewa ma 4, 4, 4 tun daga sama har ƙasa, biro ɗaya hannu ɗaya, kana gani ka san ranar Alhamis yake zama ya cike na sati. Ta daka ƙanƙara a kofi ta zuba ruwa kaɗan ta tsoma nata ma'aunin ya nuna sifiri, alamar daidai yake, sannan ta sa shi tsakanin kwanduna ta rufe. Da muka dawo 11 ya nuna. A nan na gane dalilin ƙwarin da wasu masu shaguna ke kawo mana ƙorafi a kai lokacin zafi, da nake ta ɗora wa manoma laifi. Ta koya mana wata dabara da aka ɗauko daga kamfanin Toyota, ka yi ta tambayar me ya sa har sau biyar. Me ya sa ɗakin bai yi sanyi ba, ƙofa na zama a buɗe. Me ya sa, yara na tokare ta da kwando. Me ya sa, in ta rufu da wuya take buɗuwa ga mai turo kura cike da kaya. Me ya sa, marikin ya lanƙwashe tun bara. Me ya sa ba a gyara ba, babu wanda aka ce aikinsa ne ya faɗa. Gyaran mariki da labulen roba da sabon ma'auni duka bai kai riyal 900 ba. Na biya 6,500 ga mutumin da ya ɗauki hoton wannan ƙofar da idonsa a kan kwandon da aka tokare ta da shi.

Na lauz ma ya zo da nasa. A tebur ɗaya muke sa lauz mu kuma zuba wanda ba komai a ciki, ban taɓa kawo wa raina cewa akwai mutanen da ɗan ɓurɓushinsa kaɗai zai iya toshe musu numfashi ba. Yanzu teburinsa daban, kwandunansa ja ne, kuma shi ake yi ƙarshe kafin wanke waje.

Wata bakwai muka ɗauka. Masu binciken sun zo zagaye na farko sun duba takardu, na biyu suka wuni biyu a cikin aiki suna tambayar yara da kansu ba ni ba. Sun rubuta mana ƙananan kurakurai uku, muka gyara muka tura hujja, shahada ta fito. Ta shekara uku ce kuma duk shekara suna dawowa, in ka saki jiki su dakatar da ita. Ranar da na kai wa mutumin Maiwurno ya sa lambar a kwamfuta sunanmu ya fito, sai ya miƙo mini hannu ya ce yanzu ka zo. Na fita na zauna a mota na kira Kawu, muryata na rawa.

Mun sami rabin abin da suka so ba mu da farko, sauran ya riga ya zauna hannun waɗanda suka karɓa a 2023. Kwalayen nan kuwa sitika fari muka saya muna rufe tambarin ɗaya bayan ɗaya da hannu, duk ranar da aiki ya yi sauƙi sai in ɗebo ɗari biyu in zauna da yara mu manna. Jiya na ƙirga, saura ɗauri 31 a saman sito.