Inda na kwana da aikin sautin Doctor Who, sati na shida

Jama'a sannunmu da ƙoƙari. Kwana biyu kun ji ni shiru, wallahi aikin ne ya riƙe min wuya, ga kuma wuta da ake ɗaukewa daidai lokacin da mutum ya zauna. Ga sababbin shiga, abin da nake yi shi ne ina ɗaukar sautin wani kashi na Doctor Who, tsohon shirin talabijin na Ingila, da hotonsa ya ɓata, in jera masa hotunan da suka rage, in ɗora bayani da Hausa a wuraren da ba a magana. Na kallo na ne ni da yaran gida, ba na saidawa ba.

Shirin nan BBC ta fara shi ranar 23 ga Nuwamba 1963, kuma a wancan zamanin tef yana da tsada, in an nuna shiri sai a goge a ɗauki wani a kai, haka aka yi ta yi har wajen 1978. Shi ya sa kashi da yawa na zamanin William Hartnell da Patrick Troughton, waɗanda suka fara fitowa a Doctor, jarumin shirin, babu su. Amma sautinsu duka yana nan, saboda wasu 'yan kallo a Ingila da suka riƙa kafa rikoda mai faifan tef gaban talabijin suna ɗauka. Wani Graham Strong shi har wayar rikodar ya jona cikin talabijin ɗin kai tsaye, nasa ya fi na kowa fita tas. Daga baya wani masanin sauti, Mark Ayres, ya gyara su BBC ta fitar a CD, tsofaffin 'yan wasan suna karanta bayanin abin da ke faruwa tsakanin maganganu.

Ni kashi na 3 na labarin The Web of Fear na zaɓa, na 1968, wanda dodannin Yeti suka cika hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin Landan. Dalili kuwa Jos. A 2013 wani mai neman ɓatattun finafinai, Philip Morris, ya gano gwangwanayen fim a wata tashar talabijin a Jos, kashi tara da aka fid da rai da su suka dawo, adadin ɓatattu ya sauka daga 106 zuwa 97. Wani labarin, The Enemy of the World, ya cika cif, shi kuma The Web of Fear aka samu komai sai na ukun, kuma a cikinsa ne Kanal Lethbridge-Stewart, sojan da ya daɗe a shirin daga baya, ya fara fitowa. Abin da ciwo. Na san an yi masa katun a 2021 amma ni dai bai kwanta min ba, motsin mutanen kamar 'yan tsana, na fi son hotunan John Cura da ya riƙa ɗauka daga fuskar talabijin ko da ba sa motsi.

To ga inda na yi ɓarna. Sautin BBC ai a gyare yake, amma ni da rawar kai na buɗe manhajar gyaran sauti ta Audacity na ce sai na ƙara wanke shi, na zaɓi wani wuri da na ɗauka shiru ne na ce wa manhajar wannan ne ƙarar da za ta cire. Ashe akwai ƙaramin kukan nan na ƙwallon da ke juya Yeti a wurin, bip bip ɗin nan. Ta bi ta shafe shi, muryar Troughton kuma ta koma kamar mai magana cikin randa. Kuma ban ajiye kwafin asali daban ba, a kansa na yi sabin. Kwana uku suka tafi a banza. Don Allah ku riƙa aiki a kan kwafi.

Muryata ce ma ke buƙatar wanki. Da waya nake ɗauka, janareton maƙwabci na shiga, fanka na shiga, akwai kuma wani gurnani na wuta mai 50Hz in wayar tana caji. Yanzu sai ƙarfe biyun dare nake yi, in cire caja, in kashe fanka, in lulluɓa da bargo ina zufa kamar mai sirace. Maiɗakina ta leƙo ta ga bargo yana magana shi kaɗai yana cewa "dodo ya juyo da bindigar yanar gizo-gizo", ta yi salati ta koma.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne sanin inda zan yi shiru. Na koma na saurari yadda Frazer Hines, wanda ya fito a Jamie abokin tafiyar Doctor, ya karanta nasa bayanin, sai na ga jimla ɗaya gajera yake jefawa ya kauce, ya bar takun sawu da kiɗan su yi aikinsu. Ni kuwa na farkon da na yi kamar mai fassarar fim ɗin Indiya, ban bar ko daƙiƙa ba, har ina hawa kan maganar Victoria, ita ma abokiyar tafiyar Doctor. Na yanke fiye da rabi.

Kashin kusan minti 25 ne, na kai minti 14. Matsalar da ke gabana yanzu hotuna ne, wani lokaci hoto ɗaya zai tsaya kusan rabin minti, ƙaramin ɗana har ya tambaya ko kwamfutar ta maƙale. Ina gwada matso da hoton a hankali zuwa fuskar mai magana a manhajar haɗa bidiyo ta Shotcut amma yana fashewa in na matso da yawa. Wanda ya san dabarar wannan a cikinku ya taimaka min kafin Asabar.